Hannu Sama a Dunƙule

Shekara goma sha tara muna gardama ɗaya ni da Baban 'yan biyu, kuma ba wanda ya taɓa saukowa. Shi aikinsa tsaga katako, shi ne babba a rumfarsu. Ni kuma malamar firamare ce, aji biyu nake riƙe da shi. Kullum da yamma in ya shigo, gashin kansa da girarsa duk dusar katako, sai ya zube a kujerar falo ya miƙe ƙafa ya ce, "Wash! Yau na sha wuya." Ni da nake gefe da tulin littattafan yara a cinya sai na ji kamar da ni yake.

"Wace wuya? Katako ne fa. Inda ka ajiye shi nan zai zauna. Ka taɓa ganin katakon da ya ce maka fitsari yake ji? Ka taɓa raba katako biyu faɗa?"

"Malama," yakan ce, don shi ma haka yake kirana, "ke fa a inuwa kike, ga kujera ga tebur. Abin da ya fi nauyi a aikinki alli ne. Ƙarfe biyu kin dawo gida. Ga hutu sau uku a shekara."

Maganar hutun nan ita ke ƙona mini rai. Da ya ambace ta sai na ajiye jan biro na juyo gaba ɗaya, na fara jero masa bayani da muryar da nake kai wa bencin ƙarshe da ita. 'Yan biyunmu, kafin su tafi makarantar kwana, sukan leƙo daga ɗaki su ce, "Umma, don Allah, nan ba aji ba ne." Maƙwabciyata ta taɓa ce mini ba ta buƙatar tambayar lafiyar gidanmu, tana jin komai daga wajen wanke-wanke. Shi kaɗai ne bai taɓa cewa in rage murya ba. Na ɗauki hakan haƙuri ne, har ina ƙara ganin girmansa a raina, ko da yake ban taɓa gaya masa ba don kada ya samu abin faɗa.

Ga yadda ajina yake, don wanda zai ce ina ƙari. Yara sittin da takwas, benci goma sha bakwai, huɗu-huɗu, gwiwa na gugar gwiwa. Rufin kwano ne ba sili. Tagogin hagu titi suke kallo, duk babur ɗin da ya wuce sai ya shiga darasi. Bangon da ya raba mu da aji uku bai kai sama ba, kuma malamin can shi ne yara suke kira Lasifika a bayan idonsa. In ya ɗaga murya dole in ɗaga, in na ɗaga shi ma ya ƙara. Haka muka yi shekaru muna yi ba tare da mun taɓa yin maganar ba, kullum da safe kuma mu gaisa cikin mutunci.

Wata Laraba ina tsakiyar koyar da haɗa baƙi, bencin baya ya kaure da rigima a kan fensir. Na buɗe baki in ce a yi shiru, sai iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, na ji kamar an goga mini yashi a maƙogwaro. Na sha ruwa, na yi gyaran murya, ba abin da ya canja. Dama muryar ta yi wata biyu tana dushewa da yamma ta dawo da safe, ina ta shan ruwan ɗumi ina cewa sanyi ne.

Likita ta zura mini wani siririn abu mai fitila, ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna ta cire tabarau.

"Malama, jijiyoyin muryarki sun yi kanta, irin ta tafin hannun mai sara. Kwana goma ba magana. Ko raɗa ban yarda ba, don ita ma wahalar da su take yi. Bayan nan ki riƙa magana kamar mai hira da mutum ɗaya a ɗaki. Ihu kuwa kun rabu ke nan. In kika koma masa sai an yi miki aiki, kuma ban yi miki alkawarin irin muryar da za ta dawo ba."

Na ɗauki takarda a teburinta na rubuta: Yara sittin da takwas gare ni. Ta karanta ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita maƙogwaro ta karanta, ba aji ba.

Hedimastanmu ba mugun mutum ba ne, sai dai yana da makaranta a kansa. Da na kai masa takardar asibiti ya karanta sau biyu, ya shafa gemu.

"Malama, ba wanda zai taɓa miki aiki. Ga ɗakin littattafai nan babu mai kula da shi, shiru ne tun safe har a tashi. In kin dawo na ba ki mako biyu. Alhamis ta mako na biyu zan shigo in zauna darasi guda. In kin iya riƙe su ba ihu, ajinki ne. In abin ya gagara, sai ki karɓi makullin ɗakin littattafai, in nemo wa yaran wani."

Na gyaɗa kai don ba ni da bakin musu. Amma da na fito, yaran kawai nake tunani. Yaran nan ni na ɗauko su tun aji ɗaya, lokacin da wasu ke riƙe fensir kamar muciya. Shekara ɗaya da rabi ina tura su, kuma yanzu ne suka zo daidai bakin karatu. Duk wanda ya koyar da ƙananan aji ya san makonnin nan, lokacin da yaro zai ƙura wa baƙi huɗu ido, leɓensa na motsi, sai ka ga fuskarsa ta washe don ya gane abin da ke allo "gida" ne, gidan da ya sani. Don makonnin nan ake jure sauran shekarar. A ce wani ne zai tsaya a wurina ranar, ni ina can ina kaɗe ƙurar littattafai, abin ya tsaya mini a rai.

Kwanakin farko na shirun, Baban 'yan biyu har da tsokana. Ya shigo ya saurara ya ce, "Ikon Allah, ashe agogon bangon nan yana ƙara?" Na rubuta masa amsa mai zafi a littafi, ya ce bai zo da tabaransa ba. A rana ta huɗu ne na rubuta masa abin da Hedimasta ya ce, shafi guda cur, ina rubutu hawaye na ɗiga a kan takardar. Ya nemo tabaran ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. Bai yi dariya ba.

"Gobe ki shirya da wuri, za ki raka ni wajen aiki."

Na rubuta: Katako zan koyar?

"Ke dai ki shirya."

Kunya ce ta kama ni a hanya, don shekara goma sha tara ban taɓa taka ƙafata cikin rumfar ba. Iyakata bakin titi, in aika a kira shi. Doguwar rumfa ce ta kwano, gumagumai jibge a ƙofa, inji huɗu a jere, mutum bakwai. Kafin mu shiga ya ba ni auduga in toshe kunne da hankici in rufe hanci, shi kuwa bai sa komai ba. Ya zaunar da ni a kan wani benci, ya ɗaga hannu, aka tayar da injina.

Ban san ƙara tana shiga haƙori ba sai ranar. Bencin da nake kai rawa yake, ƙirjina ma haka. Na yi niyyar tashi in gudu, sai na lura da wani abu ya zaunar da ni. Mutum bakwai suna juya gungumen da ya fi ni nauyi sau biyar, a gaban zarton da zai raba mutum biyu kafin ya ƙifta ido, kuma ba wanda ya buɗe baki. Baban 'yan biyu ya nuna idonsa da yatsa biyu, na kusa da shi ya yi haka, na gaba ma ya yi, sai ga su duka suna kallonsa. Ya danna tafin hannu ƙasa sau biyu, aka rage turawa. Ya juya yatsa a iska, aka juya gungumen. Can sai wani dattijo ya ɗaga hannu sama a dunƙule. Kafin in haɗiye yawu hannaye shida sun tashi, injina huɗu sun mutu. Ashe wata tsohuwar ƙusa ya hango a jikin itacen.

Da aka tsaya cin abincin rana dattijon ya zo gaishe ni. Baba Takwas suke ce masa, kuma da ya ɗaga mini hannuwansa na ga dalili, yatsunsa takwas ne. Ya yi dariya ya ce sauran biyun sun riga shi yin ritaya.

"Matar Oga, wannan alamar ita ce uwar sauran," ya ce yana dunƙule hannu. "Ko wanda ya fara aiki jiya ne ya ɗaga ta, ko baƙo ne mai wucewa, kashe inji ake yi. Sai daga baya a tambayi dalili."

Na gane abin da ya sa aka kawo ni, amma ban yarda ba tukuna. Na rubuta wa Baban 'yan biyu: Su zarto suke tsoro. Yarana me za su tsorata?

"Ba tsoro ba ne kaɗai," ya ce yana tauna. "Kin ɗauka ni nake isar da magana ga mutum shida? Ga mutum ɗaya nake isarwa, shi ya miƙa gaba. Nan kowa rabin idonsa na kan aikinsa, rabi na kan na kusa da shi. Ke kuma so kike ki kai wa sittin da takwas da maƙogwaro ɗaya."

Sauran kwanakin hutun na yi su a gaban madubi ina gwada alamu. Na zaɓi biyar: ku dube ni, ku tsaya, a hankali, ku maimaita, ku zauna. Ranar Litinin na shiga aji da ƙarfin gwiwata. Yara suka tashi da murna, "Malama ta dawo! Malama ta dawo!" Na yi musu bayanin alamun da 'yar muryata, wanda ina jin bencin farko kaɗai ya ji. Da surutu ya tashi na ɗaga hannu sama a dunƙule na tsaya ƙiƙam.

Wata ta gaba ta ce, "Malama, hannunki ciwo yake?" Na baya suka ɗauka dambe nake koya musu. Nan take biyu suka fara gwadawa a kan juna, benci ya kife, wani ya fasa kuka, Lasifika ya ƙara murya daga can. Ban san lokacin da na kwarara ihu ba. Ajin ya yi tsit, ni kuma na ji kamar an zuba mini garwashi a wuya. Ranar farko ke nan cikin mako biyu, kuma na karya dokar likita tun kafin ƙarfe tara.

Na riga shi dawowa gida, na yi ta cika ina batsewa. Da ya shigo ya zauna yana kwance igiyar takalmi, ya ba ƙofar kicin baya. Na tsaya a ƙofar na ce, a hankali yadda likita ta ce, "Dabararka ba ta yi ba. Na yi ihu yau."

Bai juyo ba. Na maimaita. Ya cire takalmi ɗaya ya kama ɗayan. Raina ya ɓaci, wato ni ya kai ni ya baro kuma yanzu ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na zagayo na buga littafi a kan tebur, sai ya zabura.

"Af, Malama! Kina ciki ashe?"

Wani abu ya tsarga mini. Na koma bayan kujerarsa kamar mai ɗauko abu, na matso har ina ganin dusar da ke bayan kunnensa. Na ce, "Baban 'yan biyu, na ƙona maka sabuwar rigarka da dutsen guga." Mutumin da ke son rigar nan kamar ransa ya ci gaba da murza ƙafarsa.

Na dawo gabansa na durƙusa, na nuna kunnensa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sauke ido.

"Na hagu ya tafi, ya kai shekara shida. Na dama yana nan, kamar rediyo a gidan maƙwabta. Mutane bakinsu nake kallo. Ke kaɗai ce nake ji ko na ba ki baya."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a yi me? A wajen aiki ba ma magana. A gida kuma ga ki, ban rasa komai ba."

Na zauna a ƙasa. Na tuna yadda yake ƙure ƙarar talabijin, yadda yake barin waya ta yi ta ringi a aljihunsa, yadda yake murmushi kawai in 'yan biyu na ba shi labari. Duk na gani, duk na sa su a layin halin maza. Ni da nake gane yaron da ba ya ganin allo tun makon farko, mijina ya yi shekara shida yana kurmancewa a gabana ina ce masa katako ba ya ba mutum wahala. Kunya ta rufe ni, tausayinsa kuma ya fi kunyar yawa. Amma halina bai bar ni ba.

"Wato duk shekarun nan da nake yaba maka haƙuri, ashe ba ji kake ba."

"Ke kam ina jin ki," ya ce. "Har unguwa ma tana ji."

Na yi dariya maƙogwarona na zafi, shi ma ya yi. Sannan ya ce in ba shi labarin abin da ya faru a aji, in fuskance shi, kada in yi sauri. Ya saurara da idonsa har na gama, ya girgiza kai.

"Laifina ne, ban gaya miki ba. Ba a koya wa mutum alama inji na aiki. Sai an kashe, kuma ba a tara su. Biyu ko uku ake ja gefe. Su wa suka fi damun ki da surutu?"

Na lissafo masa biyar ba tare da na yi tunani ba.

"To su za ki ba aikin. Mai surutu idonsa a ko'ina yake, shi ya sa yake da abin faɗa. Ki sa huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya. Kuma in kin ɗaga hannu kada ki sauke, kada ki ƙara da baki. Ki tsaya ko da za ki yi minti biyar. In kika taɓa saukewa kafin su tsaya, sun gane ana iya jiran ki ki gaji."

Washegari lokacin hutun tara na riƙe biyar ɗin nan. Suka tsaya tsuru-tsuru suna jiran hukunci. Da na ce musu aiki zan ba su, wanda ba kowa zan ba ba, sai ƙirji ya fito. Akwai wata da nake kira Rediyo, wadda ba ta taɓa yin minti biyu bakinta a rufe ba. Ita ta fi kowa ɗaukar abin da zafi. Da na ɗaga hannu sai ta ɗaga nata har tana ɗage, tana zare wa bencinsu ido.

Ranar farko alamar ta yi fiye da minti biyu kafin ta zagaya, kafaɗata kamar za ta cire. Na ciji leɓe ban sauke ba. Ranar Juma'a ta dawo rabin minti. A mako na biyu ina ƙirga bakwai a zuci ajin ya yi tsit. Wani abin da ban zata ba, da yake muryata ba ta da ƙarfi, sai suka koma miƙo wuya don su ji, mai motsi ma 'yan bencinsu ne ke harararsa. Na daina tsayawa a gaban allo kaɗai, ina bi layi-layi ina faɗa wa benci huɗu, su maimaita wa na bayansu.

Kada wani ya ɗauka gajiyar ta ragu. Wuri kawai ta canja. Da maƙogwaro ne, yanzu ƙafa da kafaɗa da ido. Na dawo gida ina matsa kafaɗa, Baban 'yan biyu ya ce, "Hannu ɗaya fa kika ɗaga, ba komai a cikinsa." Na tsaya a gabansa daidai inda zai ga bakina na ce sau tamanin na ɗaga, shi sau nawa ya ɗaga nasa. Gardamarmu ta dawo, sai dai yanzu ido cikin ido ake yin ta.

Ranar Alhamis Hedimasta ya shigo da kujerarsa da littafinsa ya zauna a baya. Tun safe hadari ke haɗuwa, ina ta addu'a ya jira a tashi. Ina rubuta kalma ta uku a allo ruwa ya kece. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kwano marar sili ana ruwa ba, ba zai gane ba. Ko Lasifika ɗif aka daina jin sa. Yara suka fara ihun murna, na kusa da taga suna miƙa hannu waje, wasu sun hau benci. A da, irin wannan ranar rufe littafi nake yi in jira. Na saci kallon Hedimasta, na ga ya ɗora biro a kan takarda.

Ihun ya taso mini har wuya, na haɗiye shi. Na ɗaga hannu sama a dunƙule.

Rediyo ce ta fara gani. Sai kusurwar dama, sai tsakiya. Na ƙirga bakwai ba su tsaya ba. Na kai goma sha biyar. A ashirin da wani abu, yaro na ƙarshe ya sauko daga benci, ya ga kowa hannu a sama, ya ɗaga nasa. Hannu sittin da takwas, ba abin da ake ji sai ruwa.

Na nuna idona, na nuna allo. Na ɗora sanda a kan baƙin farko na nuna layin farko, suka faɗa, ina ganin bakinsu. Na juya yatsa, layi na biyu ya maimaita. Haka muka bi kalma shida, ban furta ko harafi ba. Da ruwan ya fara sassautawa na rubuta wata doguwa da ban taɓa koya musu ba, don in gani. Ajin ya yi shiru, leɓuna na motsi. Sai wata 'yar siririya a benci na tara, wadda tun aji ɗaya ban fi jin muryarta sau uku ba, ta miƙe ba tare da an kira ta ba.

"Ma... ka... ran... ta." Ta tsaya, ta zaro ido. "Makaranta! Malama, makaranta ce! Nan!"

Na juya na fuskanci allo kamar mai gyara rubutu, don kada Hedimasta ya ga fuskata. Da aka kaɗa ƙararrawa ya ɗauki kujerarsa ya fita. Sai da aka tashi ya aiko a kira ni. Na same shi yana juya makullin ɗakin littattafai a hannu. Ya buɗe durowa ya jefa shi ciki.

"Ajinki ne, Malama. In kin samu lokaci ki koya wa maƙwabcinki na aji uku, shekara takwas ke nan yana sa mini ciwon kai."

Na yi masa godiya, na fito ban ko koma ɗaukar lema ba. Kiran waya ba shi da amfani, na sani yanzu. Na tari babur na ce a kai ni wajen masu tsaga katako.

Injina huɗu duk suna aiki. Na tsaya a bakin rumfa, ƙafata duk taɓo. Yana can ƙarshe ya ba ni baya, shi da wani suna tura gungume. Ba ni da muryar da za ta kai can, shi kuma ba shi da kunnen da zai karɓa. Mako biyu hannuna ya saba, ban yi shawara da kaina ba, sai kawai na gan shi a sama a dunƙule.

Baba Takwas ya gani ya ɗaga nasa. Kafin in tuna abin da alamar take nufi a nan, injina huɗu sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutum bakwai suna duba hannuwansu, suna duba na juna, suna duba ƙasa. Sannan duk suka juyo gare ni.

Ban taɓa ganin Baban 'yan biyu yana gudu ba sai ranar. Ya tsallake katako biyu, ya iso fuskarsa ba jini, ya kama hannuwana duka biyu yana juya su gaba da baya. Sai da ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya har goma, sannan ya ɗago ya dubi bakina.

"Sun bar mini ajina," na ce a hankali. "Na gode."

Bai saki hannuna ba. Kaushin nasa na kartar fatata.

"Sake faɗa."

"Ba ka gani ba?"

"Na gani," ya ce. "So nake ki sake."

Na sake faɗa masa, mutum shida na tsaye suna jira, ba wanda ya taɓa inji.